Yadda muka hau Ɗa'if da ɗakin Umma

Umma tana da asma. Duk shekara in zafi ya shigo Jidda, iskar teku ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, sai ƙirjinta ya fara kuka. Kana falo kana jin numfashinta daga ɗaki. A gidanmu na Kurayyat mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa, amma shi ma in ta daɗe a gabansa tari ne zai taso mata. Shekarar da abin ya fi tsananta sau uku muna kwasarta zuwa asibiti. A na ukun likita ya ce ta nemi wuri mai busasshiyar iska ta riƙa yin watannin zafi a can. Ta ce masa in sha Allah, irin wadda ake faɗa don a tashi a tafi gida.

Baba ne ya riƙe maganar. Mai walda ne, a wani gareji a Khumra yake aiki tun kafin a haife ni. Bai ce wa kowa komai ba, sai muka ga ya jawo wani mataccen karafan, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ya ajiye a bayan garejin. Ba rufi, ba ƙofa, kuliyoyi ma sun haihu a ciki. Shekara biyu yana lallaɓa shi bayan an tashi aiki. Ya sake ƙarfen ƙasa, ya yi rufi, ya sa gado da ɗan madafi da banɗaki da tankin ruwa. Taga ma ya yanka ta daidai inda kan Umma zai kasance in ta kwanta. Kawu, ƙanen Umma, yana gadin wata gona a Ɗa'if, can saman duwatsu inda mutanen Jidda ke gudun zafi. Mai gonar ya yarda a ajiye karafan a jikin katanga, a jawo masa wuta. Shiri ya gama haɗuwa ke nan.

Sai idon Baba ya ƙi. Walda ta daɗe tana cin sa. Aka yi wa ɗaya aiki, ɗayan yana jiran layi, likita ya ce shi da sitiyari sai wani lokaci. Zafi kuwa ba ya jiran layi. Umma ta riga ta fara kwana a zaune.

Haka abin ya faɗo kaina. Ni mandub ne, mai kai wa mutane abinci da ƙaramar mota. Duk lungun da ke tsakanin Ammariyya da bakin teku na san shi, na san inda ake ratsewa in hanya ta cushe. Amma Jidda shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti. Tudun da na taɓa hawa mafi tsawo shi ne gadar sama, sai kuma hawa na huɗu a wurin ajiye motoci na kanti. Ban taɓa jan ko amalanke ba. Na ce wa Baba ko mu nemo direba. Ya ce ɗakin da ya yi wa matarsa ba baƙon da zai ja shi. Halas, magana ta ƙare.

Juma'a uku muka yi a wani fili bayan rumbunan ajiya na Khumra, ni da shi da tsohuwar wanet ɗinsa, wato a-kori-kura. Yana zaune a gefena da baƙin tabarau, ba ya ganin layin titi sosai, amma da ƙugunsa yake jin mota. In na ja da baya karafan ya karkace, kafin in gani a madubi ya riga ya ce, "Ka karya shi." In na taka birki da ƙarfi ya ce ba shawarma nake kaiwa ba. Ya koya mini hawa da ƙaramar giya, sauka ma da ita, in bar inji ya riƙe motar, birki kuma a taɓa a saki. Abin da ya fi nanatawa shi ne lodi. Kaya mai nauyi a kan tayoyi ake sa shi, a ɗan turo shi gaba. Yana da gwajinsa: kafin a ɗaura, ka kama ƙugiyar karafan ka ɗaga. In ta yi maka gardama, lafiya. In ta taso maka da sauƙi, baya ya fi gaba nauyi, kada ka kuskura ka hau titi.

Ranar Alhamis da rana muka yi lodi a ƙofar gida. Katifa, tukunyar gas, buhun shinkafa, akwatunan Umma, komai Baba ya shafa da hannu ya faɗi inda zai zauna. Muka cika tankin ruwa. Na kama ƙugiya, da kyar na raba ta da ƙasa. Ya ce yawwa. Muka ɗaura ta a wanet, muka sa sarƙa, ya gwada fitilun baya yana tambayata ko sun kama. Aka bar mota a ɗaure, sai tashi gobe bayan asuba.

To, ga abin da ba mu sa a lissafi ba. A unguwarmu ba a tafiya hannu rabbana. In aka ji za ka Makka, ko Madina, ko gida Najeriya, kafin ka ɗaure jaka an kawo maka saƙo. Kuma ba a cewa a'a. Wanda ka ƙi karɓa wa yau, gobe kai ne za ka tsaya a ƙofarsa da ƙunshinka. Yawancin mutanenmu ma ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ba sa iya wuce shingen bincike, shekaru suke yi ba su ga ɗan'uwansu da ke Ɗa'if ba. Saƙon nan shi ne ziyararsu. Yanzu kuma an ji ba jaka za mu ɗauka ba, ɗaki guda za mu ja.

Ni na fara. Bayan la'asar wani abokin aikina ya zo da tsohon mukayyif na taga, wai in miƙa wa yayarsa. Na san dokar Baba sarai. Amma ƙofar karafan daga baya take, tsakiya kuma a cike. Na ce abu ɗaya ai ba zai yi komai ba. Muka tura shi bakin ƙofa, na rufe, na ba Umma makulli, na fita aiki. Ban sake leƙa ciki ba.

Da safe muka ɗau hanya. Ni a sitiyari, Baba a gefe, Umma a baya da carbinta da abin fesawarta a cinya. Tun daga fita unguwa na ji motar tana nishi, na ce ai dama haka ja yake. A babban titin Makka in na ɗan ƙara wuta sai in ji bayan motar yana rawa kaɗan, kamar ana jan rigata. Baba ya tambaya ko akwai iska a waje. Na ce akwai. Ya ce in rage. Na rage, rawar ta lafa. Muka zagaye Makka ta gefe, aka duba takardunmu a shinge, sojan ya leƙa madubi ya kalli karafan ya ce ma sha Allah, wa ya ƙera. Baba ya gyara zama.

Hanya biyu ce zuwa Ɗa'if. Akwai ta Hada, gajeriya, mai murɗe-murɗe kamar igiyar da aka jefar a kan dutse. Akwai ta Sail, wadda manyan motoci ke bi, doguwa, hawanta a hankali amma ba ya ƙarewa. Baba tun farko ya ce Sail. Na ɗan ji haushi, don duk abokaina ta Hada suke ɗaukar bidiyo. Bayan rabin awa a kan Sail na gode wa Allah da ba a bi ta tawa ba.

Hawan nan ba ya nuna kansa. Ido yana ganin titi kamar a miƙe, inji ne ke gaya maka gaskiya. Daga giya ta huɗu na dawo ta uku, daga ta uku na dawo ta biyu. Tireloli masu lodin siminti suna wuce mu. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, ba inuwa ko ta tsuntsu. Sai allurar zafi ta fara tashi. Na gaya wa Baba ta wuce rabi. Ya ce ina take yanzu. Na ce tana neman jan layi. Ya ce in kashe mukayyif.

Na kalli Umma a madubi. Ta ce in kashe mana, ita ba jaririya ba ce. Na kashe, muka sauke gilas. Iskar da ta shigo kamar daga bakin tanderu, ga hayaƙin tireloli. Allura ta tsaya, amma ba ta sauko ba. Baba ya ce in kunna hita, in buɗe ta duka, za ta janye zafin inji. Hita, a wannan rana. Na kunna. Ƙafafuna suka fara gasuwa a cikin takalmi. Ba a yi minti goma ba na fara jin kukan ƙirjin Umma, wannan siririn sautin da na sani tun ina yaro. Ta fesa magani sau biyu. Carbin dai ya daina tafiya.

A nan na fara lissafin juyawa. In na ci gaba da hita, ƙirjinta. In na kunna sanyi, inji ya tafasa, mu tsaya a tsakiyar dutse da rana tsaka, nan ma ƙirjinta. In na juya, ta koma ɗakin da take kwana a zaune. Baba yana ta magana da kansa, wai motar nan ta ja abin da ya fi wannan, bai gane me ke damunta ba yau.

Muka kai saman wani tudu, titi ya ɗan gangara. Na ji daɗi, na ce bari in bar ta ta sha iska, inji ya huce. Na manta da ƙaramar giya, na bar ta ta ɗau gudu. Daidai nan wata tirela ta wuce mu ta hagu, iskarta ta bugi karafan.

Na gan shi a madubin hagu. Sai na gan shi a na dama. Sai hagu kuma, ya fi na farko fitowa. Bayan wanet ya fara binsa, sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ƙafata ta tafi birki da kanta.

"Kada ka taka," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Cire ƙafarka daga komai. Riƙe ta a miƙe. Kada ka bi shi."

Na riƙe. Duk jikina yana cewa in murɗa, in gyara, in taka. Ƙarfen gefen titi yana matsowa yana komawa. Wani abu ya faɗi a cikin karafan, na ji ƙararsa har cikin haƙorina. Umma tana salati ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwata ya danne, yana cewa shuwayya shuwayya, a hankali, za ta gaji. Gangaren ya ƙare, titi ya sake ɗagawa, tudun ya ja gudun ya rage. Rawar ta ragu, ta ragu, ta mutu.

Akwai gidan mai a gaba kaɗan, da ɗan masallaci da shagon faci. Na shiga na tsaya a inuwar rumfa. Na kasa sakin sitiyari, sai da Baba ya ce in kai uwata masallaci ta zauna a sanyi. Na kai ta ɓangaren mata, na sayo mata ruwa, na tsaya har numfashinta ya ɗan daidaita. Da na dawo na tarar da Baba a tsugune a wajen ƙugiya yana shafa ta. Ya ce in sa duwatsu a tayoyi in kwance sarƙa. Ina sakin makullin ƙugiyar, ba wanda ya ɗaga ta, da kanta ta yi tsalle sama, bayan karafan ya dangana da ƙasa.

Baba ya miƙe. Ya ce in karɓo makulli.

Ƙofar ma da kyar ta buɗu. Daga bakin ƙofa har rufi kaya ne. Buhunan gero biyu. Jarkokin manja. Turmi da taɓarya. Keken ɗinki na ƙarfe, irin na da. Katan-katan na sabulu, ƙullin kuka da kuɓewa da daddawa, kowane da sunan mai shi a rubuce da biro, wani da ajami, wani da boko. A ƙarƙashi, can ƙasa, ga mukayyif ɗin abokina. Kusa da shi kuma ga injin markaɗe da manyan batiran mota biyu.

Umma ta fito ta same mu muna kallo. Ta riga kowa magana. Ta ce mata sun zo sallama bayan magariba, kowa da ɗan ƙullinta, ita wa za ta kora? Maƙwabciyarmu da ta yi jinyarta bara? Ko tsohuwar da ke kawo mata kunu, wadda rabonta da 'yarta shekara shida? Ta ce kuma ɗan abu ne, gero ne kawai ya ɗan yi nauyi.

Baba ya fara faɗa, wai shekara biyu yana auna ƙarfe, an zo an mayar masa da ɗaki motar kasuwa. Umma ta bar shi ya yi nisa, sannan ta nuna da baki.

"Malam, injin markaɗen nan, a cikin matan wace ce ta ɗauko shi a ka?"

Baba ya gyara tabarau. Ya ce wannan daban ne, na limamin unguwa ne, za a kai wa ƙanensa, bayan isha'i aka kawo, ba yadda zai yi. Da hannu ya lalubi wuri, ya ji kaya a bakin ƙofa, ya ɗauka akwatunanta ne ta matso da su. Batiran kuma na wani abokinsa ne. Umma ta ce to mukayyif fa, ita ta tarar da shi, ta ɗauka nasa ne. Ya ce shi ma ya ɗauka nata ne. Suka juyo gaba ɗaya.

"Babana," in ji Umma. Sunan mahaifinta aka sa mini, haka take kirana. "Kai ma?"

Na ce abu ɗaya ne tak.

"Kowa ma abu ɗaya ne tak," in ji mai faci. Wani dattijo ne ɗan Chadi, tun ɗazu yana zaune a kan taya yana shan shayi yana jin mu. Hausarsa a karye, amma ta isa. Ya ce duk wata sai ya ga irinmu, in ba Hausawa ba Sudanawa. Ya taso ya leƙa ciki, ya ce wa Baba, "Ustaz, wannan ba karafan ba ne, gidan waya ne."

Baba bai yi dariya ba, amma faɗan ya mutu a nan.

Na ce mu sauke kayan mutane mu bar su, in ya so kowa ya ji da nasa. Ban gama rufe baki ba Umma ta ce amana ce, in za a zubar da kayan mutane a kan hanya to a mayar da ita Jidda, gara ta yi tarinta da mutuncinta. Kuma na san ba barazana take yi ba. Baba ya ce ko an gyara lodin, an turo komai gaba, rawa za ta daina, amma nauyin yana nan, sauran hawan kuma ya fi wanda muka yi. Motar ba za ta kai ba. Wato in mun ɗauka ba ma isa, in mun zubar ita ba ta zuwa.

Na zauna a kan dakalin famfo. Aikina ke nan kullum, kaya ya fi mota yawa, kuma kowa yana jiran nasa. Abin da nake yi a Jidda shi ne in kai na gaggawa, in dawo in ɗauki saura. Na tashi na je wajen mai faci, na ce, Baffa, in na bar kayan nan a shagonka zuwa la'asar fa? Ya kalli tulin, ya kalle ni. Ya ce akwai wuri a bayan kwampireso, amma manja kada ya zubo masa, kuma in rana ta faɗi ban dawo ba gero ya zama nasa. Na yi masa maganar ladansa, ya ce in bari, shi ma yana da 'ya a Ɗa'if. Ya shiga ciki ya fito da wata ƙaramar leda, turare ne da atamfa. Ya ce tunda dai hawa zan yi.

Umma ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta karɓi ledar ta sa a jakarta, ta ce wannan ita za ta riƙe.

Muka shiga sauke kaya, ni da mai faci, rana a tsakiyar ka. Umma ta zauna a bakin masallaci tana kiran sunayen masu kaya, ni ina ɗaukar hoton kowane ƙulli da waya kafin in shigar, don kada na wani ya shige na wani. Baba ya hau cikin karafan da rarrafe, yana mayar da kayanmu inda ya sa su jiya. Abin da ya faɗi ɗazu tukunyar gas ce, ta tsinke igiyarta ta fasa ƙofar kabad. Ya shafa wurin ya ce wannan aikin rabin yini ne. Sannan ya ce in buɗe tankin ruwa, Ɗa'if ba a rasa ruwa ba, wautarsa ce ta sa ya ɗauko na Jidda zai hau da shi dutse. Mai faci ya kawo bokitai ya tare, ya zuba wa wata bishiyar da yake raino a gefen shago.

Da muka gama, Baba ya ce in ɗaga. Na kama ƙugiya, ta ƙi. Na sa hannu biyu, ta taso da kyar. Ya sa nasa hannun ya gwada da kansa, ya ce a ɗaura. Inji ya huce, mai faci ya duba ruwan lagireto ya ƙara, ya bubbuga tayoyi ya rage wa ɗaya iska. Muka yi azahar, muka tashi.

Sauran hawan a giya ta biyu na yi shi, a layin dama, bayan wata tankar ruwa da ba ta sauri. Motoci suna zuwa bayana suna haska fitila, wani matashi ya leƙo yana tambayata da hannu ko barci nake. A Jidda da na rama. Nan ko kallonsa ban yi ba, idona yana kan allura. Ta hau rabi, ta ɗan wuce, ta tsaya. Na tambayi Baba ko in gwada sanyi. Ya ce in gwada a lamba ɗaya, in ta motsa in kashe. Na kunna. Ta ɗan motsa, ta tsaya. Haka muka yi ta yi, in tudu ya yi tsanani in kashe, in ya sassauta in kunna, Umma tana cewa in daina wahalar da kaina, ni ina yi kamar ban ji ba.

Gangare biyu muka sake samu. Tun daga sama nake sauke giya, inji yana ihu, ina taɓa birki ina saki. Tirela ta wuce mu a na biyun. Na ƙanƙame sitiyari ina jira. Karafan ya ɗan girgiza sau ɗaya ya koma layi. Baba ya ce, "Ka ji bambanci?" Na ce na ji. Ya ce to in riƙe shi a ƙuguna, ba a kaina ba.

Bayan mun wuce miƙatin Sail, inda masu umra ke ɗaura harami, Umma ta ce in kashe mukayyif ɗin gaba ɗaya. Na ce allura lafiya take. Ta ce ba don allura ba. Ta sauke gilas ta sa fuskarta a iska. Na saurara, inji kawai nake ji da tayoyi, babu kukan ƙirjinta. Na rage murya na gaya wa Baba. Ya ce ya riga ni ji.

Kawu yana bakin gona yana jiranmu, ya kira ni ya fi sau goma ban ɗauka ba. Ƙofar gonar ƙarama ce, kuma da baya za a shiga. Sau huɗu ina karya shi. Kawu yana ta nan ta nan, Baba yana a'a ta can, Umma ta sauka ta ce ita da ƙafa za ta shiga, ta gaji da mu. A na biyar ya shige, ya tsaya a jikin katanga, ƙarƙashin wata bishiyar rumman. Muka sa duwatsu, muka kafa ƙafafunsa, Kawu ya jawo waya ya haɗa wuta. Umma ta shiga ta buɗe tagarta ta kwanta, ko mayafi ba ta cire ba. Kafin Kawu ya kawo shayi ta yi barci, a kwance, bakinta a rufe. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana saurare.

Kawu ya ce in zauna in ci abinci, kayan mutane sa kwana, gobe ma rana ce. Na ce na yi wa dattijo alkawarin la'asar. Kuma na san Umma, tana farkawa abin da za ta fara tambaya ke nan, in ta ji gero yana shagon faci ba za ta sake runtsawa ba. Na cusa burodi a baki, na kwance sarƙa, na ciro ledar mai faci daga jakarta na ba Kawu ya nemi 'yar. Na tura wa masu jiran saƙo hotuna, na ce kowa ya zo gona bayan magariba ya ɗauki nasa, kuma mai injin markaɗe ya taho da wanda zai taya shi ɗauka.

Na shiga mota, sai ga Baba ya buɗe ɗaya ƙofar yana laluben bel. Na ce ya huta mana, yanzu ba abin da nake ja.

"Hawa ka koya," in ji shi. "Sauka ba ka yi ba tukuna. Yalla, sa ta a ta biyu."